Tabarmar Hanne Mai Ƙuli

Duk Gafasa babu wanda bai san Hanne mai ƙuli ba, kuma babu wanda ya taɓa jin sunan Mudassir a bakinta. Ɗan farinta ne. In magana ta kama dole sai ta ce "yaron nan", alhali yaron nan har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Haka ta tashi ta tarar a gidansu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zuba masa ido a gaban mutane. Da ƙuli da man gyaɗa ta yi masa karatu har jami'a, amma ko sau ɗaya ba ta ce masa "ka kyauta" ba.

Da kakar zaɓe ta zo, Mudassir ya fito takarar majalisar jiha a wata 'yar jam'iyyar da ko hula ba ta rabawa. Wani gidan talabijin a Kano ya kira 'yan takarar muhawara. Sai ya bugo wa ƙanwarsa Bara'atu, ya ce ta miƙa wa Inna.

"Inna, abu ɗaya nake roƙo. Ranar Asabar bayan la'asar ki zauna ki kalla. Ko ban ci ba, in san kin gan ni."

"Allah ya kai mu," in ji ta.

Ranar, maƙwabcinsu Badaru ya fito da talabijin ɗinsa mai sola tsakar gida, maza gefe, mata gefe, aka shimfiɗa wa Hanne sabuwar tabarma a gaba. Tabarmar nan ita ta kashe mata jiki. A gaba? Jama'a na kallon fuskarta, ita tana kallon ɗan fari? Nan take dalilai suka yi ta zuwar mata. Ga gyaɗa a wuta. Ga ido yana mata ruwa in ta kalli haske. Su kuma 'yan siyasa ai duk kanwar ja ce, me za su faɗa sabo? Ta tura Bara'atu, ta zauna tana murza tunkuza, tana jiyo shewa ta kan katanga.

Bara'atu ta dawo fuska ba walwala.

"Inna, da aka ce kowa ya yi jawabin rufewa, sauran suka yi ta alkawarin titi da taki. Yaya kuwa ya ce shi mutum ɗaya zai gaisar, wata mai ƙuli a Gafasa, yanzu haka tana zaune tana kallonsa. Ya russuna ya ce, 'Inna, ina wuni?' Kowa a gidan Badaru ya juyo, sai tabarma."

Kunya ta kama Hanne, ba irin wadda ta saba da ita ba. Wannan mai ciwo ce. Tana cikin haka waya ta yi ƙara.

"Inna, kin gani?"

Ta so ta ce e, bakin ya ƙi.

"Gyaɗa ce a wuta," ta ce.

Sai ya ce, "Ba komai, Inna. Allah ya ba da kasuwa."

Da ma faɗa ya yi mata, da ya fi sauƙi. Ta riƙe wayar a kunne har bayan ya kashe, hannunta duk mai, sannan ta amsa gaisuwar a hankali.

"Lafiya lau, Mudassir."

Bara'atu ce kaɗai ta ji.