Gaisuwa Kafin Rufe Ido

Wasila tela ce a Sabon Garin Gusau. Zaman keken ɗinki ya riƙe mata baya, shi ya sa ta fara koyon yoga a waya, wato motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da jan numfashi cikin natsuwa. Da bayan ya saki, murna ta hana ta zama. Ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta gayyato matan unguwa, har da ƙawarta daga Bungudu.

Miƙa jiki bai ba su wuya ba, shiru ne ya gagara. Da Wasila ta ce kowacce ta rufe ido ta ja numfashi a hankali, sai wadda ta makara ta shigo da sallama. Nan take idanu su buɗe, a amsa, a shiga tambayar yara da maigida da jikin tsohuwa. Ran Wasila ya ɓaci, ta ce daga yau ba gaisuwa sai an tashi.

Inna Husaina, maƙwabciyarta mai ƙosai, ta ce, "Ke Wasila, a yi mani sallama in yi shiru, sannan ki ce hankalina ya kwanta?"

Washegari Wasila ta sauya tsari. Da gaisuwa ake farawa, hannuwa a sama, ana miƙa ana dariya har kowacce ta iso. Sai an ji lafiyar kowane gida ake rufe ido. Yanzu tabarmin ba sa isa, kuma idan shirun ya sauka, har kukan tantabarun maƙwabta ake ji.