Ƙashin Ƙafa a Muƙamuƙin Barau

Barau tela ne a Mairuwa. Shekara ashirin da biyu yana ɗinkin kayan mata a rumfar bakin titi, da keke na ƙafa.

A damunar 2021 matauninsa na ƙasa ya fara ciwo. Ran kasuwar Sheme wani mai cire haƙori ya cire masa shi. Ramin bai rufe ba. Kunci ya kumbura, daga baya wata 'yar ƙofa ta buɗe ƙarƙashin haɓa tana zubar da mugunya. Ya sha ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe, ya naɗa rawani ya rufe wurin. Mata suka fara aiko da yadi ta hannun mazajensu, saboda wari.

Bayan shekara guda matarsa Mero ta tsinci ɓarɓashin ƙashi a tsumman da take goge masa ciwon. Ta ƙulle shi a leda, suka tafi Funtuwa. Can aka tura su asibitin koyarwa na Zariya.

Likita ya ɗaga hoto ya nuna masa. "Malam Barau, rabin muƙamuƙin nan ya mutu. Za mu yanke shi. Akwai siririn ƙashi a gefen ƙwauri da mutum ke iya tafiya ba shi, da shi za mu maye gurbin."

Barau ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Wacce za ku ɗauka?"

"Duka biyun lafiyarsu lau."

"To ku ɗauki ta hagu. Da ta dama nike taka keke."

Tiyatar ta ci awa tara. Mako biyu ana ba shi kunu ta roba a hanci. An haɗo ƙashin da 'yar fatar ƙafa aka shimfiɗa masa cikin baki, sai ta fito da gashi. Da ya faɗa wa Mero sai da ta leƙa da tocila kafin ta yarda. Likitoci suka ce hakan na faruwa, suka rage shi.

Ya koma rumfa bayan wata biyar. Leɓensa na ƙasa bai jin komai, shayi kan zubo ba da saninsa ba, don haka ya daina sha cikin mutane. Nama sai Mero ta daka masa. An yi masa maganar dasa haƙora a sabon ƙashin, ya ce a bari sai bayan Sallah, aiki ya yi yawa.