Jakar da Ba Ta Shiga Rasit Ba

A shekarata ta biyu ina karatun digiri na biyu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wajen ƙarshen shekarun casa'in, mai ɗakina da 'yarmu suka zo mini hutu daga Kano. Na shirya zuwan nasu da irin tsarin da nake alfahari da shi. Akwai wani ofishin tafiye-tafiye mai bas da ke ɗaukar baƙi daga filin jirgi kai tsaye zuwa wani babban wurin shaƙatawa a bayan gari, mai namun daji da lilo iri-iri, kayansu kuwa wata mota daban ce ke kai su masauki. Jirginsu da safe zai sauka. Ban ga dalilin ɓata yini guda muna jan akwatuna ba, kamar yadda 'yan kasuwarmu suke yi a titin Guangyuan, abin da a lokacin nake ɗauka rashin tsari ne kawai.

A teburin karɓar kaya wata ma'aikaciya ta tambaye ni guda nawa ne. Na ce uku, ta rubuta uku, ta manna wa kowane akwati lamba, na sa hannu, na adana rasit a littafina. A hannun babban akwatin akwai wata 'yar jakar yadi da mai ɗakina ta ɗaure da ɗankwali, kamar yadda ake yi a tasha idan za a ɗora kaya a saman mota. A wurinmu abin da aka ɗaure tare kaya ɗaya ne, ni ma haka na ƙirga shi. Mai ɗakina ta kai hannu za ta kwance, na hana ta.

"Malam, saƙon mutane ne a ciki," in ji ta.

Na ce mata nan ba tasha ba ce, komai a rubuce yake. Muka hau bas.

A hanya ta gaya mini ko saƙon wa ne. Wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu a Kano, ɗanta na fari yana karatun likita a nan Guangzhou, shekara huɗu bai je gida ba. Ba ta iya rubutu ba, gidanta kuma babu waya, don haka ta yi masa magana a kaset, ta haɗa da ƙullin yaji. A wurin shaƙatawar 'yarmu ta ga raƙumin dawa ido da ido, ta ƙi sauka daga lilo sai da aka roƙe ta. Uwarta kuwa ta yi ta tambayata ƙarfe nawa.

Da la'asar muka isa masauki. Akwatuna uku suna jiranmu, kowanne da lambarsa, ɗankwalin an ninke shi tsaf an ɗora a kan babban. Jakar babu ita.

Washegari na koma ofishin da rasit ɗina. Ma'aikaciyar ta leƙa ɗakin ajiya ta dawo da kalmar da kowane baƙo a garin ya sani, "meiyo", wato babu. Shugabanta ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa masu lodi suna kwance duk abin da ke reto a jikin akwati, kuma abin da ba shi da lamba ba ya shiga mota. Inda aka ajiye shi bayan haka, babu wanda ya sani. Har yau ina ganin wajibinsu ne su faɗi wannan ƙa'ida tun a teburin karɓa, kuma haka na rubuta a takardar koke, wadda kwafinta yana nan a wurina. Amma mutumin ya ɗora yatsa a kan rasit: uku aka karɓa, uku aka kai, ga kuma sa hannuna a ƙasa. Na sake komawa sau biyu a makon, amsar ba ta canja ba.

Ranar Juma'a bayan salla muka je ɗakin ɗalibin, ɗan dattijuwar. Na gaya masa abin da ya faru daki-daki, ban rage laifina ba. Ya ce babu komai, amma ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai mai ɗakina ta ce ai ita ta riƙe rediyon lokacin da ake ɗaukar maganar, idan yana so za ta maimaita masa abin da ta riƙe.

Ta faro daga gaisuwa, yadda tsohuwar ta jero ta. Ƙanwarsa ta haihu, an gyara rufin ɗakin tsakiya kafin damina, kada ya ci abin da bai san asalinsa ba, kada ya yi wasa da salla. Ya tambayi tarin da ya baro mahaifiyarsa da shi. Mai ɗakina ta ce yana nan, har an sake ɗaukar wani wuri a kaset ɗin don kada ya ji shi.

"Hajiya, ta ambaci sunana?"

"Ina fa. Ka taɓa jin ta kira sunan ɗan fari? 'A gaya wa wancan na ƙasar Sin,' haka ta yi ta cewa har kaset ya cika."

Ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu. Na ce zan rubuta masa duka a takarda don ya ajiye. Ya yi godiya, ya ce a'a, ya dai roƙi Hajiya ta sake farowa daga gaisuwar, a hankali. Na kama hannun 'yarmu muka fita baranda, muka bar su.