Ranar da Aka Tambaye Ni Ko Na Shayar da Ita

A Toranke, kafin a ɗaura aure, ba liman ake fara tambaya ba, mu mata ake tambaya. Mu muka san wane yaro ya sha nonon wace mace, kuma waɗanda suka sha nono ɗaya sun zama wa da ƙanwa, babu aure a tsakaninsu. Maza ba sa ganin wannan, domin a cikin ɗaki yake faruwa: uwa ta kwanta ciwo, maƙwabciya ta ɗauki jariri ta sa a ƙirji. Shekara da shekaru ni ake aiko wa. Ban yi karatu ba sai na sallah, amma in na ga abu da idona, ya zauna ke nan.

Sai shekarun fari suka shigo. Damina ta yi ta yi mana rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ana cikin haka Maigida ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi kunu da ludayi, ni ke leƙa rumbu in ga ƙasansa yana matsowa. Ko ina daka, kunnena yana ɗakinsa.

A daidai lokacin ne jinin al'ada ya fara yi mini wasa, ya zo wata ɗaya, ya ɓace wata da watanni. Wani zafi yakan taso daga ƙirjina ya hau kaina, in jiƙe sharkaf alhali ina zaune a inuwa. Barci kuwa sai gutsi-gutsi. Ni dama ba mai yawan dariya ba ce, amma yanzu ko kaza ta ratsa gabana sai na ji kamar da gangan ta yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mantuwa. In shiga ɗaki in tsaya ina kallon bango, ban san me na zo ɗauka ba. Na sa wa miya kanwa sau biyu, har Maigida, da bakinsa da ya karkace, ya ce, "Yau sabulu muka samu?"

Ban tsorata da farko ba, mamaki na yi. Na riƙa kallon kaina kamar yadda nake kallon yaran mutane, ina jiran in kama inda ɓarnar take.

To, ɗana na biyu ya ga wata yarinya 'yar garin Balan, ita ma ta gan shi. An kai gaisuwa, an karɓa. Sai ga goggon yarinyar ta yi sallama da hantsi, ta zauna a kan tabarma, ta ƙi taɓa furar da na dama mata.

Ta ce, "Yaya, magana ce ta kawo ni. Kin tuna uwar yarinyar nan a garinku ta yi wankan jego, zazzaɓi ya kwantar da ita, aka yi ta yawo da jaririyar gida-gida? An ce har hannunki ta zo, kina goyon autarki. Kin ba ta nono ko ba ki ba ta ba?"

Na buɗe baki in amsa kamar yadda na saba, sai na tarar babu komai a wurin. Na tuna zazzaɓin. Na tuna kukan jaririyar. Daga nan sai duhu.

Uwar yarinyar ba ta san inda kanta yake ba a lokacin, ungozomar kuma ta rasu. Saura ni. In na ce e, na raba su. In na ce a'a alhali na ba ta, na aurar wa ɗana ƙanwarsa. Na ce a ba ni lokaci.

Duk yadda na matsa wa kaina, abin sai ƙara nisa yake. Ɗana ba ya iya tambayata, sai dai ya zo gaisuwa ya daɗe a tsugune yana tonon ƙasa da tsinke. Ranar da na daka masa tsawa ba gaira ba dalili, na ce wannan ba ni ba ce. Na bar wa babbar 'yata jinyar ubanta, na bi 'yan kasuwa zuwa Gaya wurin yayata.

Da ta ji labari sai ta kwashe da dariya. "Ke? Ke da kike tuna mini zanen da na ara tun muna 'yan mata? Alhamdu lillahi, na huta!"

Na ce, "Yaya, ba wasa na zo ba. Ko sammu aka yi mini?"

"Wa zai ɓata layarsa a kanki? Jini ne yake miki sallama. Ni ma na yi zafin nan, har na riƙa zama a bakin randa."

"Kin yi mantuwa?"

Ta ce, "Kaɗan. Amma ni lokacin nawa rumbu a cike yake, mijina kuma da ƙafarsa."

Wannan magana ta tsaya mini. Na shiga tambayar sa'o'inmu da ke shigowa gidan, ɗaya bayan ɗaya, har Yaya ta ce na zama alƙali. Zafin jiki kusan kowa ta san shi. Amma waɗanda suka ce kansu ya riƙa zubar da abu, zuciyarsu tana kusa, yawanci sai in tarar akwai wani nauyi da suka daɗe suna ɗauke da shi: mai majinyaci, mai ɗan da ya tafi cirani ba labari. Ban ce haka yake ga kowa ba. Abin da na gani nake faɗa.

A gidan Yaya ba mai kirana. Na yi barci har rana ta fito, abin da na manta daɗinsa. Sannu a hankali abubuwa suka fara dawowa da kansu, ba tare da na kira su ba. Ina tsince wake sai ga jaririyar: nauyinta a cinyata, baƙin zanen saƙi da aka naɗe ta da shi, yadda take juya kai tana neman ƙirjina. Na ga hannuna ya kai bakin zanena. Daga nan, ko ta kama, ko wata ta shigo ta karɓe ta, wallahi bai dawo ba.

Na koma Toranke, na aika wa liman. Ya zo ya tsaya a zaure, ni ina daga ciki.

Ya ce, "Inna, me kika tuna?"

Na faɗa masa duka, har inda ya yanke. Sannan na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba a irin wannan tambaya: "Malam, ban sani ba."

Ya sake tambaya ko akwai wata da ta gani, ko an taɓa jin zancen shayarwar kafin yanzu. Babu. Ya ce ba a haramta aure da kokwanto, sai da tabbaci. Ya ƙara da cewa in zuciyata ta karkata ga e, in faɗa. Na duba zuciyar tawa da kyau, ba ta karkata ko'ina ba.

Bayan kaka aka ɗaura auren. Da aka kawo amarya gaishe ni, na ɗaga mayafinta na daɗe ina kallon fuskarta, ko wani abu zai motsa. Ta sunkuyar da kai, tana tsammanin aibu nake nema. Ban ga komai ba sai yarinya mai kunya. Na sa mata albarka, na ce a kai ta ɗakinta.