Ranar da Na Ja Fareti da Yatsa a Waje

Shekarun baya, ina aji biyar a firamare a Kafanchan, aka zaɓe ni in ja fareti ranar wasannin makarantu. Ni ce a gaba, sanda a hannu, masu ganga a bayana! Da gudu na koma kwatas ɗin reluwe inda muke zaune, ina ihu tun daga bakin layin dogo. Don murna mahaifina ya sayo mini farin takalmin kambas. Ya ɗan matse ni, amma wa ke ta wannan?

Muna cikin atisaye sai babban yatsan ƙafata ya kumbura, ya yi jajir. Gefen farcen ya nutse cikin nama, ko zani ya gogi wurin sai na yi ƙara. Kakata ta duba ta ce, "Miƙo min reza in tono shi." Na maƙale a bayan mahaifiyata.

"A'a Inna," in ji mahaifiyata, "bari Mama Nas ta gani tukuna."

Maƙwabciyarmu ce, tsohuwar nas 'yar Kagoro. Dawowarta ke nan daga zumuntar mata a coci aka kirawo ta. Ta ɗora ƙafata a cinyarta ta ce, "Wa ya ƙwaƙule gefen farcen nan haka? Miƙe ake yankewa. Kun yi sa'a bai tara mugunya ba, da sai asibiti."

Ta sa na tsoma ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri har farcen ya yi laushi, ta ɗaga gefensa a hankali, ta cusa 'yar auduga a ƙarƙashi. Ta ce a riƙa jiƙawa safe da yamma, a riƙa canja audugar, kuma ban da rufaffen takalmi.

Na fashe da kuka. "Mama, faretin fa?"

"Yarinya, takalmi ne zai yi macin ko ƙafa?"

Ta karɓi kambas ɗin, ta sa almakashi ta yanke bakinsa. Mahaifina ya dafe kai yana salati, mu kuwa dariya har da hawaye.

Kafin ranar kumburin ya saɓe. Na shiga fili yatsana na leƙowa cikin farin bandeji. Ganga na tashi na manta da shi! Na cilla sanda sama na cafe, fili ya ɗauki tafi. Can na hango kakata da Mama Nas kafaɗa da kafaɗa suna rangaɗa guɗa. Na biyu muka zo, amma yadda na riƙa taku zuwa gida, sai ka ce ni ce gwamna.

Yau ni ke yanke wa 'ya'yana farce, miƙe, ba ƙwaƙula. Masu shagon takalma kuma sun gaji da ni, don sai na danna bakin kowane takalmi na ji akwai sarari. Amma har gobe in na jiyo gangar 'yan makaranta daga nesa, ko tuwo nake tuƙawa, sai na tsinci ƙafata tana buga ƙasa.