Saƙon da Baba Bai Isar Ba

Bana shekara arba'in da rasuwar mahaifina, Saje Ilu na unguwar Wunti a Bauchi, Allah ya jiƙansa. Ni ban yi boko mai nisa ba, kuma ba mai fita ba ce, amma kunnena ya riƙe abin da ya ji a zaurenmu.

Baba ya yi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Yana da mutane a ƙarƙashinsa, cikinsu har da wani saurayi daga duwatsun kudancin Bauchi. Ran da aka ɗauki saurayin soja, magatakarda ya kasa faɗin sunansa na gida, sai kawai ya rubuta Garba Bauchi. Haka ake yi wa da yawa a lokacin. Da wannan suna ya yi yaƙi, da shi ya mutu a hannun Baba, bayan ya ba shi saƙo zuwa ga uwarsa. Baba bai taɓa tambayarsa sunan gaskiya ba, balle na ƙauyensu. Wa ya san za a buƙata?

Ina yarinya nake ganin duk ranar kasuwa Baba na tare masu kawo acca da itace daga kudu. "'Yan uwa, a garinku akwai matar da ɗanta ya tafi soja bai dawo ba? Dogo, mai wushirya?" Su ce, "Saje, ai kowane gari akwai."

Inna kan ce, "Malam, ka auri matar nan da kake nema mana, mu huta." Ya yi dariya, abincin dai ya kasa ci.

Ranar bikin samun 'yancin kai aka kira tsofaffin sojoji fareti. Inna ta goge masa kaki, ta jera lambobinsa a ƙirji. Da ya ga jama'ar kudu sun cika gari, sai ya bar layi ya shige cikinsu yana tambaya. Ya dawo da la'asar, takalmi duk ƙura. Inna ta ce, "An samu?" Ya ce, "Tsofaffi uku sun riƙe min riga, kowacce ta ce nata ne. Na faɗa wa duka ukun saƙon. Amma zuciyata ba ta kwanta ba."

Yau jikokina suna latsa waya a Yelwa su gano mutum a wata ƙasa. Nakan ce, da Baba na nan, da ya hana su sakat.

Kakin ya lalace, lambobin an raba wa 'yan uwa. Saƙon ne ya rage, kuma a gidanmu ni kaɗai na ji shi daga bakinsa. Uwar Garba ta daɗe da barin duniya, na sani. Amma in a gidanku ana labarin dogon kawu mai wushirya da aikin soja ya tafi da shi, ga abin da ya ce: a gaya wa mamata ina cin abinci, kuma ba ni kaɗai ba ne.