Ranar da kibiyar ordinata ta ɓace mini

Assalamu alaikum, ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta, sakatariya a biro, wato ofishin wata ƙaramar ƙungiyar taimako a Agadas. Ɗiyar magini ce ni daga tsohon gari, kuma a gidanmu ni kaɗai na yi lakol, makarantar boko, har na koyi aiki da ordinata, wato kwamfuta. Wannan ya kumbura mini kai ba kaɗan ba. Mahaifiyata kan yi mini ba'a in na ce hannuna ya gaji da riƙon suri, ta ce ita dai surin da ta sani na gara ne, ba ta ga abin da ɗiya mace za ta nema a kansa ba. Sai in yi mata bayani ina yatsina, cewa ɓera ne da Faransanci, ɗan abin da ake turawa a kan tebur, kibiya ta riƙa yawo a fuskar na'ura tana nuna inda za a danna. A biro in na'ura ta yi gardama ni ake kira. Na fi son a mare ni da a ji na ce ban sani ba.

Shekarar ce damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki. Hatsi ya yi tsada, dabbobi na faɗuwa a daji. Ƙungiyarmu ta samu hatsin da za ta raba a ƙauyukan Abzin, wajen Timia, kuma ƙa'idar a fili take: wanda sunansa ke cikin listi shi ke samu, da listin kuma ake loda kamiyo, babbar motar kaya. Muna da ma'aikaci mai zagaye, shi ke bin ƙauyuka yana rubuta sunayen masu gida a kayensa, wato littafin rubutunsa, sannan ya kwafe su a takardun rajista, ni kuma in shigar a ordinata. Baturen da ya kafa mana na'urorin ya koma ƙasarsu bayan juyin mulki. Kafin ya tafi ya bar mini wani faifai da wani ɗan diski na waje, girman sabulun wanki. Ya ce duk Alhamis in sa faifan, in sake kunna na'ura, in danna nan, in danna can, duk abin da ke ciki zai kwafu a diskin, ko da wani abu ya samu na'urar. Na ce na gane. Gaskiyar magana wuraren dannawa na haddace, ban taɓa tambayar ma'anar ko ɗaya ba.

A satin da abin ya faru na sayi sabon suri a kasuwa, mai jar fitila a ƙasa, don na gan shi a hannun wata ƙawata. Tsohon mai ƙwallo na jefa shi a aljihun tebur. Ranar Laraba na gama shigar da ƙauyukan ƙarshe. Alhamis da safe shef ɗinmu, shugaban biron, ya kama hanyar Yamai da takardun rajista duka a kwali, zai kai wa waɗanda suka ba da hatsin. Ya bar mini aiki ɗaya, in fitar da listi a takarda, domin Asabar za a yi lodi. Bayan azahar na ce bari in fara yin ajiyar Alhamis tukuna. Na sa faifai, na'ura ta tashi, shafin ya buɗe yadda ya saba, amma babu kibiya. Na tura suri dama, na tura hagu, shiru. Na ɗaga shi, fitilarsa na ci. Na goge shi da gefen zanena, na cire igiyar na hura mata iska na mayar, na canza mata rami, na ƙara hasken na'ura ko kibiyar ta laɓe a wani lungu. Babu ita babu dalilinta. Ga shi a kwanakin nan da la'asar ake ɗauke kuran, wato wutar lantarki.

Ina danne-danne sai na lura maɓallan rubutu suna aiki, ana iya sauka daga layi zuwa layi da su. Na gwada yin ajiyar a haka, na kasa zaɓar diskin, don da kibiya aka koya mini. Na ce to, sai dai a fara gyara kibiyar. A nan idona ya faɗa kan wata kalma a layi na biyu: Restaurer. Wallahi sai na ji sanyi, kamar na ga ɗan unguwarmu a baƙon gari. Kalmar nan a gidanmu na tashi ina jin ta. Mahaifina da abokansa magina, duk lokacin da aka ba su aikin tsoffin gidajen ƙasa, ita suke faɗa, ko da yake ba su yi lakol ba, kuma a bakinsu ma'anarta ɗaya ce: a gyara abin da ya lalace, a mayar da shi yadda yake. Na ce ai shi ke nan, wannan shi zai mayar mini da kibiyata. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce i. Ta sake jero wasu layuka masu tsawo ta sake tambaya. Ban karanta ba, har tsaki na yi mata, na sake cewa i.

Da ta gama ta sake tashi, sai ga kibiya tana yawo lafiya lau. Har na yi wa kaina kirari. Sai na buɗe listi. Na sauka ƙasa, na ga ya tsaya a inda bai kamata ya tsaya ba. Na rufe na sake buɗewa. Na'urar ba ta yi mini ƙarya ba, ta mayar da komai yadda yake, yadda yake ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Aikin sati guda, ƙauyuka huɗu, ta shafe su da tsohuwar ajiya. Na zauna ina kallon kibiyar ina jin kamar in fasa gilashin.

Juma'a da sassafe na ɗauki na'urar na kai wa wani mai gyara kusa da kasuwa, na ce masa kuran ne ya yanke ana cikin aiki. Ya duba ya daɗe, ya ce abin da aka rubuta wani a kansa ba ya dawowa. Sannan ya tambaye ni wane irin suri nake aiki da shi. Da na gaya masa, ya ce faifan nan tsoho ne, bai san sabbin suri ba, da na jona tsohon da kibiyar ta fito nan take. Ya ce ko wannan ban yi ba, da na cire faifan na kashe na'urar, da babu abin da zai ɓace. Ya dube ni ta saman tabarau, bai ƙara ce mini komai kan zancen kuran ba. Tsohon surin kuwa yana cikin aljihun tebur, dab da gwiwata, duk tsawon lokacin da nake fama.

Har zuwa nan kuskure ne, kowa na iya yi. Abin da ya biyo baya shi ne laifina. Na je wurin mai zagaye na ari kayensa, na ce zan duba rubutun wasu sunaye. Na wuni ina sake bugawa. Ƙauyuka uku suka dawo. Na huɗun babu shi, domin kayen ya cika a hanya, sai ya rubuta su kai tsaye a takardun rajista, waɗanda suke Yamai. Na tuna ƙauyen sarai, wani ɗan tungan masu garka ne, wato lambu, gaba da Timia, gidajensa ba su kai ashirin ba, rijiyoyinsu sun ƙafe. Waya guda ta isa, in kira shef ya karanto mini sunayen. Amma sai na faɗi abin da na yi. Ga wani soja da aka turo daga wurin manya ya zo sau biyu yana tambayar listi, ga shef ya ja mana kunne cewa in muka yi jinkiri za a karɓe rabon daga hannunmu. Sau biyu na ɗauki waya ina ajiyewa. Na ce wa kaina ai akwai rabo na biyu, zan saka su a nan ba wanda ya sani. Na fitar da listin, na buga masa hatimi, na miƙa.

Bayan kamar sati biyu wani dattijo ya shigo biro, rawaninsa ya koɗe, takalminsa ɗaure da igiya. Ya gaishe ni da Hausarsa ta mutanen dutse, yana ce mini ɗiyata. Ya ce daga tungan nan yake. Ya ce ranar rabo sun sauko Timia da jakunansu da buhunan da suka aro, suka tsaya tun hantsi har aka kira suna na ƙarshe, ba a kira ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya ce bai zo faɗa ba, mutanensa ne suka ce ya zo ya ji ko wani laifi suka yi. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya roƙe ni in duba masa a cikin na'ura, don ya ji an ce ita ba ta mantuwa. Na san sunan, da yatsuna na buga shi. Na kama suri na yi ta yawo da kibiya sama da ƙasa kamar mai nema, shi kuwa ya sunkuyo yana bin ta da ido, alhali bai iya karatun boko ba. Na ce masa babu. Ya ɗago kansa. Sai ya ce wataƙila daga gare shi ne, haƙoransa sun zube, mai yiwuwa bai faɗi sunan da kyau ba ranar da aka zo rubutawa. Ya sa mini albarka don wahalar da ya ba ni, ya fita.

Da takardun suka dawo daga Yamai na saka su a rabo na biyu, a saman listi ma. Mai zagaye ya je ya dawo da buhunansu a mota. Ya ce tungan babu kowa, an toshe ƙofofi da duwatsu, itatuwan garka sun bushe. Wasu sun ce sun yi arewa, wasu sun ce sun watsu cikin dangi. Ba a tuhumi kowa ba, aka ce fari ne. Na sani farin ya fi ƙarfin buhu ɗaya ko biyu, wataƙila ko sun samu da sun tashi. Amma wannan wataƙilar ba ta taɓa ba ni sauƙi ba, kuma har na bar aikin ban gaya wa kowa ba.

Shi ya sa na rubuto muku. Ku masu aiki da na'ura, musamman ƴan uwana mata da aka ɗora mana biro aka ce mun iya, in abu ya ɓace muku a fuskar ordinata ku ɗauke hannu. Kada ku danna kalma don kun san ta a gida, ku karanta abin da aka tambaye ku, ku kira wanda ya fi ku sani, matambayi ba ya ɓata. In kuma kun riga kun yi ɓarnar, ku faɗa tun tana da magani. Faɗan shef na yini ɗaya ne, da na sha shi da tuni na manta. Ni na guje masa, na bar tsoho ya koma gida ya gaya wa mutanensa cewa bakinsa ne ya hana su abinci. Ina neman gafarar Allah, shi kuma ban san inda zan same shi in nemi tasa ba.